Yadda Kujera Ta Riga Ni Sa Abin Hannu

Ma'aikatan jirgin ruwa na zamanin da, lokacin da iska ce ke tura jirgi, mutane ne da igiya ta yi wa yawa, lokaci ma ya yi musu yawa. Idan tafiya ta miƙa, aka yi watanni ba a hango tudu ba, sai su zauna su yi ta ƙulle-ƙulle, wani na aiki, wani na ado. Wani Ba'amurke mai suna Clifford Ashley ya tattara irin waɗannan a littafinsa na 1944, kusan 3,900. Ni ɗaya tak na ɗauka a cikinsu, wanda ake kira rawanin Baturke, don in yi wa kaina abin hannu na igiya irin na matuƙa.

A jirgi, wannan ƙulli ana ɗaura shi ne a jikin sandar sitiyarin da ke tsayawa a sama idan jirgin ya miƙe sak, domin matuƙi ya lalube ta da hannu cikin duhu. Ana kuma ɗaura shi a jikin ƙarfen riƙewa don kada hannu ya zame. Wato tun asali an ƙirƙire shi ne ya zauna inda aka sa shi, ba ya da maɓalli, ba ya da bakin buɗewa. Wannan magana ta kamata a ce ita ake fara gaya wa mai koyo da babbar murya. Ba a gaya mini ba, don haka duk abin da ya biyo baya ni ban ga laifina a ciki ba.

Igiyar da ta dace ita ce ta auduga mai kaurin milimita 3, saƙaƙƙiya. Murɗaɗɗiya ma tana yi, amma yawan jan ta ta cikin ramuka yana warware mata murɗi, sai ta riƙa nannaɗewa tana yin ƙahoni. Tsawon kuwa lissafi ne, ba cinke ba. Igiyar za ta zagaya hannu sau uku kafin ƙullin ya cika, sannan a bi sawunta har ta zama ninki uku, ka ga zagaye 9 ke nan. Idan tsawon zagaye ɗaya santimita 22 ne, an tashi da 198. Sai ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku saboda igiyar ba miƙewa take yi ba, hawa da sauka take yi tana karkata dama da hagu, ka kuma bar wutsiyar da za ka riƙe. Mita 3 zuwa 3 da rabi ta isa. Ka naɗe bakinta da salatif ya yi tsini ya yi tauri, in ba haka ba zai tarwatse tun kafin ka yi nisa.

Sai abin da za a ɗaura a jikinsa. Ana so ne a sami abu mai siffar bututu. Na duba ɗaki, idona ya faɗa kan sandar da ke saman bayan wata kujerar katako, zagayayya, mai kauri, sumul, ga shi ba ta motsi, ga shi tana daidai ƙirjina idan na zauna a bayanta. Har na yaba wa kaina da kaifin ido.

Ga yadda ake yi, kuma wannan ɓangaren na iya shi sarai. Ka manne wutsiyar igiya a jikin sandar ta hagu da salatif. Ka zagaya sau ɗaya, ka dawo ta damar inda ka fara: zagaye na ɗaya ke nan. Ka sake zagayawa ka dawo ta dama: na biyu ke nan. Yanzu a gabanka akwai igiya uku a jere, na ɗaya a hagu, na biyu a tsakiya, sai bakin da kake aiki da shi a dama. Abin da ya rage kitso ne mai igiya uku, bambancin kawai biyu daga cikin ukun ba su da baki, a rufe suke. Ka ɗauki bakin aikin ka bi ta saman na biyu, ka shige ta ƙarƙashin na ɗaya, ka fito ta hagu. Sai ka ɗan juya gaba, ka kama zagaye na biyu ka ɗora shi a kan na ɗaya ya tsallake zuwa hagu, sai wani ido ya buɗe a tsakaninsu. Ka dawo da bakin aikin ta saman na biyu, ka nutsa cikin idon, ka bi ta ƙarƙashin na ɗaya, ka fito ta dama. Gaba kaɗan za ka ga zagayen biyu sun koma wurarensu da kansu. Ka sake bi ta saman na biyu, ta ƙarƙashin na ɗaya, ka fito hagu. Shi ke nan, an gama zubi ɗaya, sai a maimaita daga inda aka ɗora zagaye na biyu a kan na ɗaya.

Dabarar da ke hana ruɗewa ita ce bakin aikin kullum saman na biyu yake bi, kullum ƙarƙashin na ɗaya yake shiga, ko dama ya nufa ko hagu. Ka ɗiga wa zagaye na ɗaya alamar biro a wurare uku ko huɗu ta gefen da zai koma ciki, ba za ka ɓata ba. Duk inda ka ga igiya ta hau sama sau biyu a jere, to an yi tuntuɓe a nan, kuma babu gyara sai warwarewa zuwa wurin.

Lanƙwasar da ke fitowa a gefen ƙullin, wadda nake ce wa kunne, tana da doka. Kowane zubi yana ƙara kunne uku, shi ya sa ta wannan hanya ake samun 4, ko 7, ko 10, ko 13. Ga ninki uku na igiya mai milimita 3, kunne 10 ya yi wa hannun babba daidai. Idan igiyar ta fi siranta ko ninki biyu za a yi, a kai 13. Ni 12 na so, don ya fi yi mini kyan faɗa. Ba ya yiwuwa. Da igiya guda ba a iya ɗaura wannan ƙulli sai in babu wata lamba, ban da 1, da ke raba yawan zagaye da yawan kunnuwa duka biyun. Zagaye 3 da kunne 12, uku tana raba su, don haka igiyar za ta koma inda ta fara tun ba ta ratsa ko'ina ba, sai dai a yi da igiya uku daban-daban. Na yi ta gardama da wannan doka har yatsuna suka yi ja, ita ko ba ta ce mini uffan ba.

Idan bakin aikin ya dawo inda wutsiya take, sai ya kwanta a gefenta ya bi sawunta: inda ta hau ya hau, inda ta nutse ya nutse, kuma a gefe guda zai tsaya har ƙarshe, kada ya tsallake ta. A wannan mataki dole ƙullin ya kasance sakwa-sakwa, har mutum ya ji kunyar nuna shi, saboda kowane ninki da zai shigo yana cin fili. Wanda ya tsuke tun zagayen farko, a ninki na uku sai ya nemi filaya. Masu wayo daga tsakiyar igiya suke farawa, su yi ƙullin da rabi ɗaya, su bi sawu da ɗaya rabin ta baya, don kada su yi ta jan mita uku ta kowane rami.

Tsukewa ita ce ke bambanta gwani da mai gaggawa. Ba a jan bakin igiya. Idan ka ja baki, kunnuwa biyu na kusa ne za su shaƙe, sauran su yi ta lilo. Ana farawa ne daga wutsiya, a sa basilla ko wani tsinken ƙarfe marar kaifi a ɗago igiya kaɗan, a tura sakin zuwa rami na gaba, a bi ta haka har duka zagaye taran, sannan a sake dawowa. Kowane bi a ɗauke milimita kaɗan kawai. Na yi wannan da haƙurin da ban san ina da shi ba, kuma abin ya fito gwanin sha'awa: kunnuwa goma reras, fari fat, babu inda wani ya hau wani.

Na kira uwargida ta zo ta gani. Ta duba, ta shafa, ta ce, "Maigida, ya yi kyau ƙwarai. To cire in gwada."

Na tura shi dama, ya tafi sumul har ya ci karo da ƙafar kujerar da sandar ta shige ciki. Na tura shi hagu, ya tarar da 'yar'uwarta. Na sake tura shi dama, ko an sami canji. Sandar a rufe take ta kowane gefe, kafinta ya sa gam ya buga ƙusa, ya yi aikinsa tsakani da Allah.

"Ko kujerar zan ɗaura a hannun?" in ji ta.

Na bayyana mata cewa haka ainihin matuƙa suke yi, a jikin abin da ba ya cirewa suke ɗaurawa, don haka abin da na yi ya fi kusa da asali. Ta ce ta gamsu, ta fita tana riƙe da ciki. Na so in warware, amma rawanin Baturke da aka tsuke da kyau, warware shi ya fi ɗaura shi cin rai, kuma igiyar takan fito a lanƙwashe. Na bar wa kujera kayanta.

Na gaba a jikin guntun bututun roba na yi, mai buɗaɗɗen baki ta ko'ina, na ma leƙa ta cikinsa don in tabbatar. Na auna wuyan hannuna da tef, santimita 18, na naɗa wa bututun takarda har ya kai haka cif. Ƙullin ya zame ya fito lafiya lau. Sai dai ya tsaya a gaɓoɓin yatsu ya ƙi wucewa. Ashe abin hannun da ba ya buɗewa ba wuyan hannu ake auna masa ba, hanyar da zai bi ake aunawa. Ka haɗe yatsunka, ka lanƙwasa babban yatsa ya kwanta cikin tafi, ka auna wurin da ya fi faɗi. Nawa 22 ne. Bambancin santimita 4 ɗin nan shi ne duka rigimar wannan sana'a: idan ya wuce tafi zai yi wa wuyan hannu yawa, idan ya yi wa wuyan hannu daidai ba zai wuce tafi ba.

Maganin da aka saba shi ne auduga da kanta. Ana ɗaura shi da girman tafi, a zura, sannan a bari ruwa ya tsuke shi a hankali, don auduga tana shiga idan ta jiƙe ta bushe, musamman sabuwa wadda ba a taɓa wankewa ba. Mutum ya yi ta harkarsa da shi, yana wanka yana wanke hannu, har ya zauna daidai. Da yawa daga masu sa shi ba sa cirewa sai ya tsufa su yanke.

Ni na ga kamar wannan ɓata lokaci ne. Na zura, na ɗauki basilla na tsuke shi a hannuna har ya kwanta lif, don in rage wa ruwa aiki. Sannan na tsoma hannun cikin ruwa mai ɗumi sosai, na fito na shanya a gaban fanka. Abin da ya kamata shi ne a zaɓi ɗaya, ko basilla ko ruwa, kuma ko wanne aka zaɓa a bar filin da yatsa ɗaya zai shiga tsakanin igiya da fata ba tare da dole ba. Ni na haɗa biyun saboda ni mutum ne mai son kammala aiki.

Da farko daɗi na ji, kamar an riƙe ni da mutunci. Can sai riƙon ya fara wuce gaisuwa. Jijiyoyin bayan hannuna suka fito suna kallona, yatsu suka fara tsitsitsi. Na gwada zura ɗan ƙaramin yatsa, ko farce bai shiga ba.

Uwargida ta kawo sabulu. A nan zan yi wa masu karatu gargaɗi kyauta: sabulu yana cire zobe saboda ƙarfe ba ya shan ruwa. Auduga tana sha, zarenta ya kumbura, mahaɗar ƙullin ta ƙara cijewa, kuma jiƙaƙƙiyar auduga ta fi busasshiya ƙarfi. Ga shi ja da murzawa suna ƙara kumbura hannu. Muka tashi da hannu mai santsi, mai ƙamshi, da abin hannu da ya ƙara zama daram.

"Maigida, in ɗauko almakashi?"

"Ki san irin aikin da ke jikin nan kuwa?"

"Na sani. Hannun ma an sha aiki a kansa."

Idan abu ya kai yatsu suna mutuwa ko suna canza launi, ba a tsayawa shawara, yankewa ake yi. A ɗaga hannu sama, a zura bayan ƙaramin cokali ko wani abu mai faɗi marar kaifi tsakanin igiya da fata, a yanka a kansa, almakashi yana kallon waje. Na ce mata ta yanke guda ɗaya kawai, tun da duk abin igiya ɗaya ce, sauran za su saki. Ta yanke. Ko gezau. Kowace mahaɗa tana riƙe da ta kusa da ita, kuma a jiƙe babu mai zamewa. Igiya ɗaya ce a lissafi, amma a gaban almakashi tara ce, sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi yadda maƙwabta za su amfana. Da ya faɗi, sai ga zanen kitson ya fito raɗau a fatata, kunne goma cif. Ko a nan aikin bai nuna aibi ba.

Ƙarasa bakin igiyar auduga ma yana da tsari, kuma tsarin ba ya son a sauya shi. A jiƙa, a bari ya bushe, a gyara tsukewa, sannan a kai bakin biyu ta ciki inda suka haɗu ƙarƙashin mahaɗa guda, a ɗinke kowanne da maƙwabcinsa da allura da zare, sai a yanke. Wanda ya yanke tun kafin ruwa ya gama aikinsa, bakin zai ja baya ya sulluɓe. Wuta ba ta narkar da auduga, cinye ta take yi. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa, idan ya haɗu da auduga zafi yake yi sosai, har yakan yi hayaƙi, ga shi yana bushewa ya zama ƙaya mai kartar fata. Kada a kuskura a ɗiga shi abin yana hannu.

Daga nan na koma ga irin da ke buɗewa, mai madauki a gefe ɗaya da maɓallin igiya a ɗaya gefen. An fi yin sa da igiyar nailan ta laimar saukar sojoji, wadda aka yi amfani da irinta a Yaƙin Duniya na Biyu. Wadda ake kira 550 kaurinta kusan milimita 4 ne, da zare 7 a cikinta, kuma tana ɗaukar nauyin fam 550, kusan kilo 250, kafin ta tsinke. Saƙar mai sauƙi ce: igiya biyu a tsakiya, biyu a gefe. Ta hagu ta ratsa ta gaba, ta dama ta hau kanta ta bi ta baya ta fito ta madaukin hagu, a ja. Sai a juya, a fara da dama. Igiyar da ta bi ta gaba ita ce za ta yi ta bi ta gaba har ƙarshe. Idan ka manta ka riƙa farawa daga gefe guda, abin zai fara murɗewa yana juyi, wanda shi ma ado ne idan da gangan aka yi, kuma ni haka na gaya wa duk wanda ya tambaya. Kowane santimita 1 na saƙa yana cin kusan santimita 12 na igiya. Tsawonsa kuma ba awon wuyan hannu ba ne kawai: abu mai kauri idan ya lanƙwashe cikinsa yana raguwa, don haka a ninka kaurinsa sau 3.14 a ƙara. Saƙa mai kaurin milimita 8 tana neman ƙarin santimita 2 da rabi. Nailan ma tana ɗan shiga a ruwan zafi, gara a jiƙa ta ta bushe tun kafin a fara.

Maɓallin da ya dace shi ne ƙullin lu'ulu'u, ɗan dunƙule mai kyau da ake yi da baki biyu, kuma madaukin ya zama sai an ɗan tura kafin maɓallin ya wuce. Ni dunƙulen biri na zaɓa, wanda ake naɗawa sau uku-uku ta fuska uku a kan ɗan ƙwallo. A jirgi, a bakin siririyar igiya ake ɗaura shi don ya yi nauyi a iya jefa ta zuwa gaɓa. Na sa masa ƙwallon ƙarfe a ciki don ya yi kyan zagaye. Duk teburin da na ɗora hannu sai an ɗago kai an duba wa ke ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan ƙwallon katako ya wadatar, ko ma a ƙulla bakin igiyar a tura ciki.

Saura rufe baki. Nailan narkewa take yi, don haka a yanke a bar milimita 3, a kawo gindin harshen wutar laita, wurin shuɗin nan, don kada ta yi baƙi, a bari ta yi ɗan ƙwallo mai sheƙi, sai a danne da gefen wuƙa ko ƙarfen laitar ya baje ya kama saƙar. Narkakkiyar nailan zafinta ya haura digiri 200, kuma ba ta taɓa fata ta wuce, mannewa take yi ta ci gaba da aikinta. Wuƙar tana can gefen dama, babban yatsana kuwa yana nan kusa, ga ƙwallon yana shirin daskarewa. Duk mai kishin aikinsa abin da na yi zai yi.

Bakin ya baje da kyau, har da zanen yatsa a jiki. Na yi rawar da ban taɓa koya ba zuwa bakin famfo, na sakar wa yatsan ruwan sanyi. Da zafin ya lafa na ɗauko waya don in ɗauki hoton aikin, na ɗora yatsan a inda take gane mai ita. Ta yi ɗan kaɗawa ta ce in sake gwadawa. Na sake. Ta ce ba ta san ni ba, in kawo lambar sirri, lambar da tun ranar da na saya na bar wa babban yatsa riƙonta.